Tsagin Zare a Haƙorin Ezekiel

Lahadi, 8 ga Satumba, ƙarfe 4 na yamma

Shekara arba'in ina buɗe kwalba da haƙori, tun ina saurayi a masaƙa a Kakuri, ba a taɓa jin kaina ba. Jiya kwalbar lemo ɗaya ta rama wa 'yan'uwanta duka.

Da na gefe nake buɗewa, duk Makera an sani. Jiya kuwa cikin gaggawa sai na kai na gaba, na sama, na hagu. Celina matata tana miƙo mini mabuɗi, na ce ta ajiye kayanta. Sai ji na yi ƙas. Murfi yana nan daram, fiye da rabin haƙori ya yi nasa wuri. Celina ta share falo sau biyu ba ta gan shi ba. Ina zargin kazar maƙwabta.

Duk wannan a gaban Baba Joseph da mutanensa, waɗanda suka taso daga Mahuta neman wa ɗansu Jonathan auren 'yata Damaris.

Abin da ya sa na ɗauki kwalbar shi ne falon ya yi shiru, ni kuwa ban iya zama da shiru ba. Abin da ya kawo shirun ba na wannan littafin ba ne. Littafin nan na rubuta sunayen masu kawo gyaran keken ɗinki ne, bayansa kawai na ara. A aji biyu na sakandare na tsaya, wanda ya ga kuskure ya kai ƙara wajen malaman da suka sallame ni.

Damaris ta ɗauki jaka ta tafi wajen Anti Esther, ƙanwar Celina, a Unguwar Boro. Hutawa ta je yi.

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe 1 na rana

Ruwan sanyi ya zama abokin gāba. Iska ma idan ta shiga sai na ji har tsakiyar kaina.

Zakariyya'u mai goro, maƙwabcin shagona, ya leƙo ya ce, “Malam Ezekiel, wa ya buɗe maka taga a gaban gida?” Na ce ɓarawo na kama da baki. Ya ce to ɓarawon ya tafi da shaida. Ya ba ni kanumfari in danna a wurin. Na danna, na ga taurari da rana tsaka.

Da safe Celina ta ce, “Baban Damaris, aikin 'yarka ke nan fa.” Na ce na sani. Wa ya fi ni sani? Ita ce ta farko a zuriyarmu da ta sa hular gama karatu. A Barnawa take aiki, wurin da ake ƙera haƙora ana aika wa likitoci. Hannunta ba irin na kowa ba ne. Tana da shekara tara ta kwance kan keken ɗinki ta mayar, dunƙule ɗaya bai yi saura ba. Ni ma wani lokaci yana yi mini saura.

Amma ba zan je mata da wannan bakin ba.

Wayata lafiya lau take. Na kira kaina da ta Celina, ta yi ƙara.

Laraba, 11 ga Satumba, ƙarfe 5 na yamma

Na je asibitin haƙori can Sabon Tasha, mota biyu. Akwai na kusa, amma na kusa sun san 'yar wa Damaris take.

Likitan yaro ne, Dakta Mustapha, gemunsa bai gama haɗuwa ba. Ya ɗauki hoton haƙorin, ya nuna mini a allo. Ban ga komai ba sai hazo, amma na gyaɗa kai kamar na taɓa koyarwa a wurin.

Ya ce, “Baba, gini ya rushe, amma harsashi yana nan da ƙarfinsa. Ko mu cire gaba ɗaya, ko mu ceto shi.”

Na ce, “Ɗana, a gidanmu ba ma korar tsohon ma'aikaci. A ceto shi.”

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Jijiyar ta fito fili, sai an cire ta an toshe ramin. Abin da ya rage a waje ɗan guntu ne, ko an ɗora masa hula ba ta da abin kamawa. Don haka za a kafa ɗan siririn ginshiƙi cikin saiwar, a gina sabon jiki a kansa, sannan a auna a aika a ƙero hular da za ta rufe shi ruf, ta zama ita ce haƙorin da mutane za su gani.

Na ce, “Wato haƙori ma sai da hula ake ganin mutuncinsa.” Ya yi dariya. Yarinyar da ke miƙa masa kaya ma ta yi. Kwana huɗu ke nan rabon da wani ya yi dariyar maganata, na ji kamar an ba ni abinci.

Har na buɗe baki na ce, “Ai 'yata ma…” sai na ce masa a'a, ba komai.

Juma'a, 13 ga Satumba, ƙarfe 3 na yamma

An cire jijiya. Allurar kashe zafi ta sa leɓena ya zama kamar na aro.

Awa guda cur ina kwance, baki a wangale, an sa mini roba, ana shiga ana fita da wasu ƙananan allurai kamar masu share bututu. Dakta da yarinyarsa suna hirar ƙwallo. Ya faɗi wata magana da ba daidai ba a kan mai tsaron gida, amsar tana nan a kan harshena, mai daɗi, wadda za ta kwantar da su da dariya. Na yunƙura, ba hanya. Na sake yunƙurawa, sai wani gurnani ya fito. Yarinyar ta ce, “Sannu Baba, an kusa.” Kafin a sake ni hira ta wuce wani wuri.

Ashe haka abin yake. Magana tana bakinka, ka san ta, ka shirya ta, ta ƙi fita, mutane suna kallonka suna jira.

Awa ɗaya kawai na yi.

Ba ta kira ba.

Lahadi, 15 ga Satumba, ƙarfe 2 na rana

Na je sujada, na zauna a baya, na yi waƙa da baki a rufe kamar mai kurkure. Layi na biyu a mawaƙa, kujera ta uku daga dama, wata ce daban a zaune. Muryarta ba laifi. Amma ba ta kai ba. Damaris idan tana waƙa ba ta taɓa tsayawa, kalma na bin kalma kamar zare a kan mazari. Tun tana ƙarama likita ya ce haka masu irin nata suke.

Bayan an tashi Fasto ya tambaye ni ko an sa rana. Na ce ana shawara. Gaskiyar ita ce Damaris ta aika wa mutanen Mahuta cewa a dakata. Celina ce ta gaya mini, tana tsinke alayyafo, ba ta ɗago ba.

Jonathan yaron kirki ne. Malamin lissafi. Yana jiranta ta gama magana ko da za a kai gobe.

Talata, 17 ga Satumba, ƙarfe 6 na yamma

Ba ta kira ba. Ni ma ina da aiki da yawa.

Alhamis, 19 ga Satumba, ƙarfe 4 na yamma

Yau aka yi gini. Dakta ya kafa ginshiƙin, siriri kamar tsinken ashana, fari. Ya riƙa ɗora wani abu kamar ƙullu kaɗan-kaɗan, yana haska masa shuɗiyar fitila, nan take ya daskare ya zama dutse. Na ce a raina da magina sun samu wannan fitilar da an gama Kaduna tun tuni. Sannan ya feƙe shi ta kowane gefe don hula ta samu wurin zama. Da ya ba ni madubi na ga wani ɗan turke kamar ƙwayar shinkafa a tsakanin manya. Na ce, “Dakta, wannan ai ka rage mini ne.” Ya ce, “Wannan ba na kallo ba ne, Baba, na riƙo ne. In babu shi, hula komai kyanta faɗuwa za ta yi.”

Ya cika wani faranti da taɓo mai sanyi ya danna mini a baki, aka ɗauki siffar haƙorana duka. Daga nan ya kawo wani allo mai jerin haƙora, daga fari tas har zuwa ruwan ƙasa, wai a zaɓi launi. Na nuna na farko. Ya ce, “Baba, wannan zai yi kamar an kunna fitila a bakinka.” Na ce abin da nake so ke nan, saboda rashin wuta. Muka yi ciniki muka tsaya a na uku. Ya rubuta a takarda, da sunana a sama, Ezekiel, da shekaruna.

Ya manna mini hular wucin gadi ta roba. Ya ce ban da rake, ban da ƙashi, ban da masara, ban da kwalba. Na ce to me ya rage a duniya?

Asabar, 21 ga Satumba, ƙarfe 5 na yamma

Masara gasasshiya a bakin titi, ana yayyafi. Ni mutum ne. Hular wucin gadi tana cikin kwalin ashana yanzu.

Celina ta gani ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta zauna a kan turmi ta ce, “Baban Damaris, ka san sati nawa ta yi tana gwada gaisuwar nan a gaban madubi?”

Na ce ban ƙirga ba.

“Uku. Jimla huɗu ce kacal. Ta ce ba ta so uwar miji ta fara saninta da wannan.”

Na ce, “Wasa ne fa, Celina. Don in sauƙaƙa mata ne. Kowa ya san ni.”

“Wa ya yi dariya?”

Na shiga lalube aljihu ina neman makulli.

“Ina tambayarka. A cikin mutum goma sha ɗaya, wa ya yi dariya?”

Na ce zan je in duba ko na kulle shago. Na kulle, na sani. Na je na duba.

Litinin, 23 ga Satumba, ƙarfe 3 na yamma

An mayar da ta roba. Dakta bai tambaye ni ba, sai dai ya ciro ɓawon masara daga gefe ya nuna mini a kan auduga.

Ya ce an samu ɗan jinkiri. Wurin ƙera hular sun dawo da takardar launi, wai na ukun bai yi ba. “Mai aikin ta ce a sauka biyu, kuma wajen dasashi a ƙara duhu, don mai haƙorin yana cin goro, yana shan shayi ba madara. Ban san yadda ta gane wannan a jikin siffar haƙoranka ta farar ƙasa ba, amma ba na musu da ita. A garin nan babu mai hannunta.”

Na ce, “Ta?”

Ya ce eh, mace ce.

Na ce a ina wurin yake. Ya ce Barnawa.

Mota biyu na shiga don in guje wa Barnawa, ashe bakina ya riga ni zuwa a cikin kwali, da sunana a manne.

Na ce, “Dakta, sake faɗin abin da ka ce a kan hannunta.” Ya sake. Na sa ya sake na uku, na ce kunnena ne.

Laraba, 25 ga Satumba, ƙarfe 12 na rana

Ba ciniki, ruwa ake yi tun safe.

Haƙorin da ya karye yana da ɗan tsagi a bakinsa. Aikin masaƙa ne ya yi shi. Shekara goma sha tara ina ƙulla zaren da ya tsinke ina datse saura da haƙori, don kafin ka lalubo almakashi inji ya wuce ka. Duk tsoffin masaƙa muna da shi, da shi muke gane juna a wajen jana'iza. Masaƙa ta rufe, injuna sun yi tsatsa, tsagin ne kawai fanshon da ya zo a kan lokaci.

Damaris tana 'yar shekara biyar takan hau cinyata ta sa farcenta a tsagin. Idan kalma ta maƙale mata, sai in ce ta riƙe nan, mu jira tare, ba inda za mu. Sai ta riƙe, ta ja numfashi, kalmar ta fito. Ni na koya mata kada ta ji kunya. Ni na je makarantarsu na kama wani malami da ya sa 'yan aji dariya a kanta, sai da hedimasta ya raba mu.

Ni ɗin nan.

Juma'a, 27 ga Satumba, ƙarfe 6 na yamma

Na rubuta saƙo a waya sau huɗu. Duk huɗun da barkwanci suka ƙare. Na goge.

Laraba, 2 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Hula ta iso.

Dakta ya buɗe ɗan akwatin, ya ɗaga ta a haske, sai ya ɓata rai. Ya ce, “Launi ya yi daidai, amma akwai ɗan tsagi a bakinta. Ban rubuta haka ba, kuma babu shi a awon da na aika, wurin ai ya karye. Bari in goge shi, ko in mayar.”

Na ce ya miƙo.

Tana tafin hannuna, ƙarama, mai santsi kamar tangaran, ƙasanta da ɗan ruwan goro. Tsagin yana nan, ɗan karkace zuwa hagu, daidai inda zare yake bi. Na sa farcena. Ya zauna.

Na ce, “Dakta, in ka taɓa wannan tsagin sai mun je kotu.”

Ya gwada ta a kan ginin, ta shige kamar an haife su tare. Ya sa na ciji wata takarda mai launi, ya duba, bai rage komai ba. Ya ce ba kasafai ake samun haka ba. Ya zuba siminti ya danna, ya share gefe. Ya ba ni madubi. Na daɗe ina nema kafin in tuna wanne ne sabon.

Ya ce, “Baba, zafi ne? Idonka na ruwa.” Na ce fitilarsa ce. Sannan na ce, “Mai aikin nan 'yata ce. Ni na haife ta. Sunanta Damaris.” Na gaya wa yarinyar mai miƙa kaya. Na gaya wa mutum uku da ke jiran layi, ɗaya ma kumatunsa a kumbure, bai damu ba. Na gaya wa kwandasta.

Zakariyya'u ya ce in buɗe. Ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, “Malam Ezekiel, ƙarya kake, tsohon ka tsinto.”

Alhamis, 3 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Bari in rubuta, tunda littafin nawa ne.

Ranar nan Damaris ta durƙusa gaban uwar Jonathan za ta yi gaisuwa, sai kalmar farko ta maƙale. Tana ta fama, idonta a ƙasa. Ni kuma na kwaikwaye ta. Da muryarta, da yadda haɓarta take rawa. Na ƙara da cewa su yi haƙuri, injin sai an tura. Shi ke nan abin da na yi.

Yau da tsakar rana na je Barnawa, na tsaya a bakin ƙofa har ta fito cin abinci, da farar riga, da ƙurar farar ƙasa a yatsunta. Zan rubuta maganarta a miƙe yadda ta nufa, sauran ba ruwan kowa.

Ta ce, “Baba, buɗe.” Na buɗe a bakin titi kamar akuya a kasuwa. Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske. Ta ce in cije. Ta ce, “Yana taɓa na ƙasa kafin sauran?” Na ce a'a. Ta ce, “To.”

Na ce, “Kin tuna tsagin.”

Ta ce, “Sau uku na gasa ta. Biyun farko bai karkata daidai ba.”

Wani barkwanci ya taso mini har maƙogwaro, mai kyau kuwa. Na haɗiye shi. Na ce, “Mamana, na yi miki laifi. Ba wasa ba ne, wulaƙanci ne. Ki yafe mini.”

Ta daɗe. Na jira. Ban taya ta ba, ban kalli agogo ba.

Ta ce, “Na yafe tun ranar da bakinka ya zo a kwali. Na ga yadda ka cinye na gefe da kwalba, na yi kuka, na yi dariya. Amma Baba, ba a gabana kaɗai ka yi ba.”

Na ce haka ne.

Ta ce, “Mutum goma sha ɗaya.”

Ta shiga ciki ta fito ta sa mini wani abu a aljihun riga. Mabuɗin kwalba ne, an ɗaura masa igiya don a rataya a wuya.

Asabar, 5 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Ta dawo gida ɗazu. Tana kicin da uwarta, ina jin su, ba a sa ni a hirar ba. Rana kuwa ba za a sa ba sai na je.

Gobe bayan sujada za mu Mahuta. Na sa Jonathan ya tara duk wanda ya zo ranar nan, har da kawunsa mai barci a zaune. Zan tsaya a tsakiyar falon Baba Joseph in faɗi abin da na yi da sunansa, in roƙi gafarar 'yata a gabansu. Sannan in zauna in rufe baki, ita ta yi gaisuwarta, jimla huɗu, ko za ta kai yamma.

Celina ta ce in gwada a gaban madubi. Na gwada sau biyar. Matsalar ita ce da na buɗe baki sai in hango haƙorin, sai in tsaya kallonsa.

Shirun da zai biyo baya ne nake tsoro. Za a kawo lemo, na sani. Mabuɗi yana wuyana.